Tsani da Jifan Tsohuwa

Matso kusa, ja bencin nan ka zauna, ke ma gyara zama. Labarin ɗan yayata zan ba ku, wanda duk unguwa ke kira Tsani. In kun ga ina taɓe baki a tsakiyar magana, kada ku ce ba na ƙaunarsa. Ni na ƙera masa kwandonsa na farko na jefa ƙwallo da hannuna, saboda haka ina da ikon taɓe bakin nan son raina.

Ni mai walda ne. Shagona na bakin titi, ƙofofi da tagogi nake yi, wani lokaci gado. To gadon yaron nan sau biyu ina ƙara masa tsawo kafin ya cika shekara goma sha biyar. Yaya, wato mahaifiyarsa, ta gaji da sake masa wando, sai ta koma ɗinka wa ƙafafun ƙyalle, yau shuɗi gobe baƙi, har wandon ya zama kamar tuta. Matan layinmu kuwa sun samu abin aiki. Ƙwan lantarki ya mutu, a kira shi. Shanya ta maƙale a waya, a kira shi. Kaza ta haye katanga, a kira shi. Daga nan sunan ya fito, ya kuma zauna daram.

Wata rana na tarar da shi bayan shago yana jefa ƙullin tsumma cikin tsohon bokiti. Na ɗauki ragowar rodi na lanƙwasa, na liƙa a jikin wani ƙarfe, na kafa masa. Da na san abin da nake shukawa, da na yi ƙyauren taga da rodin nan na huta.

A wurin kwandon nan Koci ya gan shi. Koci wani dattijo ne mai ɗingishi, usur a wuya kullum kamar da shi aka haife shi, shi ke horar da babbar ƙungiyar ƙwallon kwando ta garinmu. Ya tsaya ya kalli yaron daga ƙasa har sama, sai da hularsa ta kusa faɗuwa, sannan ya ce da ni, "Naka ne?"

Na ce, "Na yayata ne. In kana so ka ɗauka, abinci kawai yake cinye mana."

Shekara huɗu Koci ya yi yana gyara shi. Ya koya masa gudu ba tare da ƙafa ta harɗe ƙafa ba, ya koya masa tare hanya, da tsalle, da kama ƙwallon da ta dawo daga allon kwando. Gaskiya ɗaya zan faɗa, yaron ya iya. In ya tashi sama ya danƙara ƙwallo cikin kwando da hannu biyu, sai ka ji ɗakin wasan ya ɗauka gaba ɗaya. Yana da shekara goma sha tara ƙungiyar ta ba shi kwantiragi, da riga mai lamba, da kujera a cikin bas. Yaya ta yi kuka, ni ma na juya baya na ce hayaƙin walda ne ya shige mini ido.

To daga nan fa aka fara. Wata uku kacal, yaron da ke ciro wa mata shanya ya koma tafiya kamar ƙasa na yi masa ƙazanta. Ya samo wani abin jin waƙa mai kama da murfin tukunya biyu ya kife a kunnuwa, ka yi masa sallama sai ya ɗaga maka yatsa ɗaya. Tabarau baƙi ko a cikin ɗaki. In zai yi maganar kansa ba ya cewa "ni", sai ya ce, "Tsani ba ya cin abinci mai maiƙo," ko "Tsani yana hutawa." Na ce, "Wane Tsanin? Akwai wani ne bayan wanda na goge wa majina?"

Ya kuma yi aboki, wani mai aski da ke kusa da ɗakin wasan. Shi ke zana masa layi-layi a kai kamar gonar da aka yi wa huɗa, shi ke bin sa da waya yana ɗaukar bidiyo, ya yanke wurin da ya yi kyau, ya sa kiɗa, ya watsa. Mai askin nan bai taɓa jefa ƙwallo ta shiga ko rijiya ba, amma a kunnen Tsani maganarsa ta fi ta Koci nauyi. Kullum zancen ɗaya ne: "Oga, kai ba na nan ba ne. Kai kayan ƙasar waje ne."

Yanzu bari in yi muku bayanin abu guda, don duk labarin a kansa yake. A wasan nan, in aka yi wa mutum ƙeta, aka riƙe shi ko aka doke masa hannu yana shirin jefawa, alƙalin wasa zai tsayar da komai. A kai shi wani layi da ke gaban kwando, a miƙa masa ƙwallo, kowa ya ja gefe, ya yi jifa biyu ba mai taɓa shi. Kowace ta shiga maki ɗaya. Jifan kyauta ke nan. Ba gudu, ba tsalle, ba mai tare ka. Kai ne da kwando da idon jama'a.

Nan ne Tsani ba ya iya komai. Tafin hannunsa ya yi faɗi, ƙwallo a cikinsa kamar lemo. In ya ɗaga ta sama da kai yadda kowa ke yi, sai ta fita kamar dutsen da aka jefi kare da shi. Cikin goma, uku ke shiga, su ma da addu'a. Sauran ƙungiyoyi kuwa ba barci suke ba. Da wasa ya zo ƙarshe, maki ya yi kusa, sai kawai su rungume shi da gangan. Alƙali ya busa, a kai shi layi, ya zubar, su kwashe ƙwallo su tafi. Mutum mafi tsawo a fili ya zama ƙofar da kowa ke bi ya shiga gidanmu.

Wata safiya aka kira ni ɗakin wasan in gyara ƙarfen da ke riƙe da allon kwando, ya tsage. Ina kan aikina na ji Koci yana cewa, "Buɗe ƙafafunka. Ƙara. Riƙe ta da hannu biyu, nan ƙasa, tsakanin gwiwoyi. Yawwa. Ɗan rusuna, ka ɗago ta a hankali ka sake, kamar mai watsar da ruwan wanki."

Tsani ya ce, "Haba Koci, wannan ai jifan tsohuwa ne."

"Tsohuwar ta fi ka ci. Jefa."

Ya jefa. Ƙwallo ta tashi a hankali, tana juyawa baya-baya, ta faɗa raga ko ƙarfe ba ta taɓa ba. Ya sake, ta shiga. Na kashe injina na zauna a kan akwatin kayan aiki ina kallo. Cikin goma, tara. Aka sake goma, takwas. Koci ya juyo ya dube ni, idonsa har da ƙwalla, ya ce, "Mai walda, ka gani? An gama da su."

Ranar Asabar ɗin makon aka gwada a wasa. Saura kaɗan a tashi, aka rungume shi kamar kullum. Ya je layi, ya buɗe ƙafafu, ya rusuna, ya watsa. Ta shiga. Ya sake, ta shiga. Muka ci wasan da maki ɗaya. Amma kafin ta biyun ta sauka, wani mai faɗin baki daga can saman benci ya ƙwala, "Sannu Kaka! A kawo miki zani?" Ɗaki ya fashe da dariya, har magoya bayanmu. Kafin yamma bidiyon ya zaga wayoyi, wani ma ya zana masa ɗankwali a ka.

Ni dai a ganina, mutumin da ya ci wasa, ko ɗankwali goma aka zana masa, ya ci. Amma mai aski ya zaunar da shi a kujerar aski, ya yafa masa ƙyalle, ya ce, "Oga, ka zubar da aji. Wane kulob na waje zai ɗauki mai jifa haka? Sunan da muka yi shekara muna ginawa!" Muka, in ji shi. Tsani ya fito daga shagon da sabon zane a kai da sabuwar rantsuwa a baki: shi da jifan nan har abada.

Koci ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ajiye shi a benci wasa biyu. A banza. A wurin atisaye, in ƙofa na rufe, zai yi jifan tsohuwa ya zuba tara cikin goma. Da an buɗe ƙofa mutane sun shigo, sai ya miƙe ƙyam, ya ɗaga ƙwallo sama da kai, ya karya wuyan hannu kamar na cikin talabijin, ya tsaya a haka don mai aski ya samu hoto. Hoton kam yana kyau. Ƙwallon ce dai ba ta shiga.

Haka aka ci kakar wasa ɗaya da rabi. Wasannin da muka zubar a minti na ƙarshe sun fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya. Ƙungiya ta gangaro ƙasan teburin gasa, har ya zama saura wasa guda: in an ci a zauna a babban rukuni, in an faɗi a sauka. Manajan ƙungiya ya kira Tsani ofis ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye, kwantiraginsa na ƙarewa da wasan nan, kuma ba zai sabunta wa mutumin da abokan hamayya suka mayar makami ba. A makon ne kuma labari ya zo cewa wani baƙo daga wata ƙungiyar ƙasar waje zai zo kallo, kuma saboda Tsani zai zo.

Ana jibi wasan na je gidan Yaya da rana. Na tarar da shi a miƙe a kan doguwar kujera, ƙafafu sun wuce hannun kujerar sun kusa kai ƙofa, murafan tukunya a kunne. Yaya na zaune kan keken ɗinkinta. Ita ba ta san komai a wasan ba, sau ɗaya ta taɓa zuwa kallo, ta ce ihun ya sa mata ciwon kai. Amma Koci ya biyo ya yi mata bayani.

Ta miƙa hannu ta cire masa abin kunnen, ta ce, "Tashi zaune, kawunka ya zo."

Ya tashi da ƙyar. "Kawu, sannu da zuwa."

Ta ce, "Ni fa ban gane ba. An ce jifa iri biyu ne, ɗaya na shiga, ɗaya ba ya shiga. Haka ne?"

"Mama, ba haka abin yake ba."

"Haka ne ko ba haka ba?"

"Haka ne, amma..."

"To wanda ke shiga za ka yi. Ni in allura ɗaya na ɗinki ɗaya na karyewa, sai in tsaya tambayar wadda ta fi ƙyalli?"

Ya ce, "Ba za ku gane ba. Dariya ake yi mini. Kaka suke ce mini."

Yaya ta tsayar da keken, ta dube shi. "Kakarka ta riƙe gida da 'ya'ya bakwai, ba ta taɓa jefa abu ya faɗi ƙasa ba. In sun kira ka da sunanta ai sun girmama ka."

Na ce, "Ɗan nan, ni na ga tara cikin goma da idona. Ka ci musu wasa, in suna so su zana maka har da sarƙa da 'yan kunne."

Ya mayar da abinsa kunne, ya ce, "Tsani ya san abin da yake yi."

Yaya ta ce da ni, "Ka ji ko? Wai Tsani. Ni dai ban haifi tsani ba, mutum na haifa."

Ranar wasa, da la'asar, ɗaki ya cika har bakin ƙofa. Na samu wuri a bayan bencin 'yan wasanmu. Baƙon na nan gefe, wani siririn mutum da ɗan littafi a hannu, ba ya tafi, ba ya ihu. Mai aski kuwa ya kafa kansa daidai ƙarƙashin kwando, waya a sama.

Kada in rage masa, Tsani ya yi wasa ranar. Ya danƙara, ya tare, ya kwashe duk ƙwallon da ta dawo daga allo. Duk sanda ya yi abin kirki sai ya waiga ya ga ko mai aski ya ɗauka. Baƙo na ta rubutu. Aka zo ƙarshe, abokan hamayya suna gabanmu da maki ɗaya, saura daƙiƙa uku. Aka miƙa wa Tsani ƙwallo a ƙarƙashin kwando, kafin ya ɗaga hannu mutum biyu sun rataye a jikinsa kamar yara a kan bishiya. Alƙali ya busa. Jifa biyu. Ɗaya ta shiga a yi kunnen doki a ƙara lokaci, biyu su shiga mun tsira.

Koci bai yi ihu ba. Ya dai tako bakin layi da ɗingishinsa, ya buɗe ƙafafu, ya sauke hannuwa biyu tsakanin gwiwoyi, tsoho da furfurarsa, a gaban dubban mutane, yana nuna masa.

Tsani ya gani. Wallahi ya gani, don na ga ƙafafunsa sun buɗe. Na ga ƙwallo ta sauka ƙasa tsakanin gwiwoyinsa. Na kama hannun mutumin da ke kusa da ni, ban ma san shi ba. Sai wata murya daga cikin magoya bayan waɗancan ta ce, "Yawwa Kaka, a yi a hankali kada baya ya riƙe!" Aka ɗan yi dariya, ba ma da yawa ba. Tsani ya ɗaga ido ya dubi wayar mai aski. Mai aski ya girgiza masa kai.

Ya haɗe ƙafafu. Ya miƙe. Ya ɗaga ta sama da kai.

Ta farko ta daki gaban ƙarfe ta dawo masa kamar an aiko ta. Ta biyu ta daki allo da ƙarfin da har ƙarfen da na yi wa walda sai da ya yi ƙara. Aikina dai ya riƙe. Aka busa tashi. Shi kuwa yana nan tsaye, hannu a sama, wuyan hannu a karye, kyakkyawa kamar hoton kalanda.

A hanyar fita na ji baƙon na magana da Koci. Ashe Koci ne ya aika masa da bidiyon atisaye, wanda Tsani ke zuba tara cikin goma daga tsakanin gwiwoyi, kuma abin da ya taso da mutumin ke nan. Ya ce, "Dogaye muna da su har sun yi mana yawa. Dogon da ba a iya yi wa ƙeta a minti na ƙarshe muke nema. Na ɗauka na samu." Ya rufe littafinsa ya sa a aljihu. Ko gaisawa da Tsani bai tsaya yi ba.

Ƙungiya ta sauka, Manaja ya cika alkawarinsa. Mai aski ya watsa bidiyon wasan, ya yanke daƙiƙa ukun ƙarshe, mutane suka yi ta yabawa. Bayan wata biyu ya samu wani sabon oga, ɗan shekara goma sha takwas, ya koma zana masa huɗa a kai. Tsani ya zaga ƙananan ƙungiyoyi biyu, ko'ina labarinsa ya riga shi isa: ku rungume shi kawai. Ba wadda ya kai ƙarshen kaka a cikinta.

Yanzu shekararsa ashirin da huɗu, yana shagona. Ba laifi, yana da amfani. In za mu kafa taga a sama, shi ke riƙewa, ba na ɗaukar tsanin ƙarfe. Murafan tukunyar na nan a wuya, sai dai ɗaya ya daina magana. In abokin ciniki ya gane shi ya ce, "Kai ba kai ne...", sai ya gyara tsayuwa ya ce ai rauni ne ya tsayar da shi. Ni kuma in ci gaba da aikina, don garkuwar walda na rufe fuska, ba mai ganin bakin da nake taɓewa.

Makon jiya Koci ya biyo ta shago. Ya tsufa ƙwarai, yanzu wata ƙaramar ƙungiya yake riƙe da ita. Ya ce a gaya wa yaron ƙofa a buɗe take, gwaji ranar ɗaya ga wata, sharaɗi ɗaya ne, kuma ya san shi. Na isar da saƙo. Tsani ya ce zai yi tunani, kamar wanda ƙungiyoyi goma ke layi a ƙofar gidansa.

Shekaranjiya na yi sammakon zuwa shago, rana ta ɗan fito. Kafin in buɗe sai na ji tam, tam, daga baya. Na leƙa ta gefen katanga. Ga shi nan gaban tsohon kwandon da na ƙera, wanda ya yi tsatsa ya karkace, shi kaɗai, ba waya, ba tabarau. Ƙafafu a buɗe, ƙwallo tsakanin gwiwoyi. Ya watsa, ta shiga. Ya ɗauko, ya watsa, ta shiga. Na tsaya ina lissafi a zuci har goma sha huɗu, ko ɗaya bai zubar ba.

Sai mukullaina suka yi ƙara. Ya waigo ya gan ni. Nan take ya haɗe ƙafafu, ya miƙe, ya ɗaga ta sama da kai ya jefa. Ta daki ƙarfe ta tsallake katanga ta faɗa gidan maƙwabta, kaji suka watse.

Ya ce, "Kawu, tun yaushe kuke nan?"

Na ce, "Yanzun nan na iso. Je ka ɗauko musu ƙwallonka kafin su fasa ta."

Ɗaya ga wata saura kwana tara. Yaya ta wanke masa takalman wasan ta shanya a kan katanga, shi kuma ya wuce su sau uku kamar bai gani ba. Ni na kasa yanke hukunci, shi ya sa na tara ku. Mutumin da ko kawunsa, wanda ya goge masa majina, ba zai bari ya gan shi a rusune ba, kuna ganin ranar nan zai iya buɗe ƙafafunsa a gaban mutane?